Ɗan Majalisa Da Kwangilar Gwamnati



Ina roƙon fili in yi magana kan ’yan majalisar da ke cin kwangilar gwamnati ta bayan gida. A Indiya, sashe na 9A na dokar zaɓe ta 1951 ya hana mai riƙe da kwangilar gwamnati zama ɗan majalisa. Mu kuwa sashe na 66 da na 107 na kundin tsarin mulkin 1999 sun lissafo dalilan hana takara, amma babu wannan a ciki. Sai dai Jadawali na Biyar na kundin ya haramta wa mai riƙe da muƙami haɗa buƙatar kansa da aikinsa, kuma Kotun Ɗa’ar Ma’aikata na iya raba shi da kujerarsa, ta hana shi muƙami har shekara 10.

Wa zai binciki aikin da kamfanin ƙanin ɗan majalisa ya yi, alhali ɗan majalisar ne mai binciken? Kura ce aka ba ajiyar nama. Tun 2019 hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ke bin sawun ayyukan mazaɓu. Mu mutanen mazaɓar Kankia, Kusada da Ingawa muna so a riƙa liƙa sunan mai kamfani a jikin kowace rijiyar burtsatse da ajin makaranta.

Wani mai karatu,
Kusada, Jihar Katsina