Jirgin Hindenburg a gidan tarihi: wa ya biya kuɗin wannan alatu?

A birnin Friedrichshafen da ke gaɓar tafkin Constance a kudancin Jamus, gidan tarihin Zeppelin ya sake gina wani sashe mai tsawon mita 33 na Hindenburg, katafaren jirgin balan-balan ɗin da ya riƙa tsallaka Tekun Atlantika da attajirai. Maziyarci zai hau matakala, ya shiga zauren hutawa, ya leƙa ɗakunan kwana. Tun buɗe gidan a 1996, wannan sashe ne ya fi jan jama'a.

Alatun kuwa ba ƙage ba ne. Jirgin mai tsawon mita 245 yana da ɗakin cin abinci, da fiyano da aka ƙera da alminiyom don rage nauyi, har da ɗakin shan taba, duk da cewa iskar haidurojin mai saurin kama wuta ce ke ɗauke da shi. Kuɗin kujera ɗaya zuwa Amurka a 1936 dala 400 ne, tafiyar kuma kwana biyu da rabi ce a lokacin da jirgin ruwa mafi gudu ke cin kusan kwana biyar.

Sai dai kuɗin fasinja ba su ne suka tsayar da jirgin ba. Da kamfanin ya shiga matsi, ma'aikatar farfagandar Joseph Goebbels ta ba da mak miliyan 2, ma'aikatar sufurin sama ta Hermann Göring kuma ta ƙara miliyan 9. A 1935 aka kafa sabon kamfanin jigila da gwamnati ke da hannu a ciki, aka mayar da Hugo Eckener, jagoran Zeppelin da ba ya ga maciji da 'yan Nazi, ɗan kallo. Gwamnatin ta karɓi ladanta ba da jimawa ba. A Maris 1936, kafin ya kai fasinja ko ɗaya Amurka, Hindenburg ya shafe kwanaki yana shawagi a kan biranen Jamus da tambarin Nazi a wutsiyarsa, yana watsa takardun neman a zaɓi Hitler. A watan Agusta ya gilma ta saman filin wasannin Olamfik na Berlin.

Ranar 6 ga Mayu 1937 jirgin ya ƙone a Lakehurst ta Amurka, mutum 36 suka mutu. Yawancin masu ba da labarin a nan suke dasa aya, alhali kamfanin bai mutu ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera sassan rokar V-2 da gumin mutanen da aka tilasta wa aiki, ciki har da fursunonin wani reshen sansanin Dachau da aka buɗe a garin.

Gidan tarihin ba ya ɓoye wannan babi, kuma ya cancanci yabo. Amma bayanin da ke manne a bango ba zai yi gogayya da zauren da mutum zai shiga ya ɗauki hoto ba. Akwai kuma abin lura: har yau gidauniyar Zeppelin, wadda birnin ke riƙe da ita, ce ke da sama da kashi 90 cikin 100 na ZF, babban kamfanin kayan motoci. Gari ne ke ba da labarin sunan da ke ciyar da shi.

Batun ya dawo ne saboda jiragen sun dawo, wannan karon da hiliyom da alƙawarin rage hayaƙi. LTA Research, da Sergey Brin na Google ke ɗaukar nauyinsa, ya gina Pathfinder 1 a Kalifoniya, yana cewa zai kai agaji wuraren da babu hanya. Tun a 1917 aka gwada irin wannan: jirgin L 59 ya taso daga Bulgeriya da kaya domin sojojin Jamus a Gabashin Afirka, ya juya a kusa da Khartum bai sauke komai ba. Shi kuwa OceanSky na Suwidin, tafiyar shaƙatawa zuwa ƙuryar arewacin duniya ya fara tallata wa masu hali, tun jirgin Airlander 10 da zai ɗauke su bai samu lasisin jigilar fasinja ba.