A Bar Musu Dokin Kara, a Sallami Mafarauci

Kowane wasa dokokinsa ne ransa. Ranar da aka ce wa 'yan ƙwallon ƙafa kowa ya rungumi ƙwallo da hannu ya ruga, ranar aka binne ƙwallon ƙafa, ko da fili da raga da 'yan kallo suna nan. Don haka gardama a kan dokar wasa ba abin raha ba ce ga wanda ya zubar da guminsa a ƙarƙashinta. Wasan da zan yi magana a kansa ya sha bamban da sauran wajen asali, domin a cikin littafin ƙagaggen labari aka haife shi, daga baya mutane masu jini a jika suka sauko da shi ƙasa. Sunansa na farko Kwidic, yanzu kuwa Kwadbol. Ra'ayina a kansa guda ne: masu shi sun yi gyare-gyare da yawa, amma sun tsaya a bakin gyaran da ya fi kowanne muhimmanci, kuma wasu daga cikinsu suna nuna yatsa ga abin da ba shi da laifi.

Marubuciyar Birtaniya J.K. Rowling ce ta ƙirƙiri wasan a jerin littattafanta na Harry Potter, waɗanda na farkonsu ya fito a 1997. A cikin labarin, 'yan makarantar sihiri ne ke yin sa a sararin sama, kowa bisa tsintsiya mai doguwar ƙota. Kowane ɓangare mutum bakwai ne. Jefa ƙwallo cikin zobe maki 10 ne. Akwai kuma wata 'yar ƙwallon zinariya mai fikafikai da ke shawagi yadda ta ga dama, kuma ɗan wasa guda a kowane ɓangare, wanda zan kira mafarauci, ba shi da wani aiki sai nemanta. Da zarar ya cafke ta ya ci maki 150, wasa kuma ya ƙare nan take.

Duk mai lissafi zai ga inda gizo ke saƙar. Maki 150 daidai yake da ci goma sha biyar. Mutum shida su wuni suna fafatawa, mutum ɗaya ya miƙa hannu ya shafe aikinsu: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Amma ban ga laifin marubuciyar ba. Labari take rubutawa, labari kuwa yana da jarumi, jarumin nan kuma shi ne mafaraucin ƙungiyarsa. Tana bukatar dokar da za ta sa idon mai karatu ya tsaya a kan yaro ɗaya, ta kuwa same ta. Ita kanta, ga alama, ta san inda ake sukar dokar, domin a littafi na huɗu da ya fito a 2000 ta shirya wasan ƙarshe na kofin duniya inda mafaraucin Bulgeriya ya kama 'yar zinariyar amma ƙasar Ailan ta ci da 170 da 160. Sai da ta sa ɓangare ɗaya ya yi ratar ci goma sha shida kafin kamun ya kasa yanke hukunci. Wannan kaɗai ya isa shaida.

A 2005 wasu ɗalibai a Kwalejin Middlebury da ke jihar Vermont ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Xander Manshel da Alex Benepe, suka sauko da wasan fili. Tunda ba mai tashi sama, sai kowa ya saƙala tsintsiya tsakanin ƙafafunsa ya yi gudu da ita. Aka kafa zobba uku masu bambancin tsayi a kowane ƙarshen fili. Mahara uku da mai tsaron gida ɗaya suna neman ci da ƙwallon raga wadda aka ɗan rage wa iska. 'Yan jifa biyu a kowane ɓangare suna kokawar mallakar wasu ƙwallayen roba uku. Duk wanda suka jefa ta same shi dole ya saki ƙwallon da ke hannunsa, ya sauka daga tsintsiyarsa, ya koma ya taɓa zoben gidansu kafin ya dawo wasa. 'Yar zinariya kuwa, da yake babu ƙwallo mai fikafikai a duniyarmu, sai aka mayar da ita mutum: ɗan ba-ruwanmu sanye da ruwan ɗorawa, an rataya masa ƙwallon tanis cikin safa a bayan wandonsa kamar wutsiya. Wanda ya fizge wutsiyar ya kama.

Tun daga ranar farko ɗaliban nan suka fara kauce wa littafi, kuma duk kaucewar da suka yi ta amfani wasan. Sun rage makin kamu daga 150 zuwa 30. A shekarun farko mai wutsiya yana iya barin fili ya ɓuya a lungunan makaranta. Aka hana, aka tsare shi a fili. Aka hana mafarauta shiga sai wasa ya yi minti 18, daga baya aka kai 20. Aka ajiye alkyabbar da ake yafawa don kwaikwayon labari. Tsintsiya mai gashi ta koma sandar roba mara nauyi. A 2022 aka ajiye sunan ma, saboda kamfanin Warner Bros. ne ke da haƙƙin mallakarsa, abin da ke hana ƙungiyoyi neman masu ɗaukar nauyi yadda suke so, da kuma saɓanin ra'ayi tsakanin shugabannin wasan da marubuciyar kan al'amuran jinsi. Wutsiyar ma aka sake mata suna, ta koma tuta. A Amurka an ƙara matsawa: kamu ya zama maki 35, ba ya kuma ƙare wasa, ana tsayar da wani adadin maki a gaban wanda ke kan gaba, duk ƙungiyar da ta riga kaiwa ita ta ci.

Dubi jerin nan da kyau. Kusan kowane gyara da ya shafi yadda ake cin wasa, rage ƙarfin mafarauci ne. Shekara bayan shekara ana datse masa fiffike, amma an kasa ce masa ya tafi. Ni nake cewa a sallame shi, shi da mai tutar, kuma ga hujjojina.

Ta farko, ba a mayar da ɗan Adam ƙwallo. Ƙwallon da aka buga da ita a Farisa nauyinta ɗaya da wadda aka buga da ita a Landan, domin ana aunawa. Mai tuta kuwa ba ya aunuwa. Wani ƙaƙƙarfa ne da ya iya kokawa, mafarauci zai yi ta shan ƙasa a hannunsa. Wani siriri ne mai gudu. Wani ya riga ya yi wasa uku tun safe, ƙafafunsa sun mutu. Ko da zuciyarsa fes take, ba zai iya raba ƙarfinsa daidai wa daida tsakanin mutum biyu masu kawo masa farmaki daga gefe biyu ba. In ya juya ya fuskanci wannan, ya ba wancan baya. Littafin dokokin da kansa ya amsa wannan rauni, tunda ya tanadi cewa idan kamu ya ƙi samuwa, a riƙa takura mai tuta mataki-mataki, har a kai ga tsare shi kusa da layin tsakiya da hana shi amfani da hannu ɗaya. Wane wasa ne kuma ake ɗaure wa ƙwallonsa hannu don a samu a tashi?

Ta biyu, shigowar tuta tana tsaga wasan gida biyu. Kafin ta shigo, 'yan jifa da mahara saƙa ɗaya suke yi: ɗan jifa ya kawar da mai tsaro, mahari ya bi ta kafar da aka buɗe masa. A nan ne basirar wasan take, kuma babu kamarta a wani wasa. Da tuta ta shigo, sai 'yan jifa su watsar da maharansu su koma gadin mafarauta, fili ɗaya ya zama dandali biyu. Ɗan kallo bai san inda zai sa ido ba, mai ɗaukar hoton talabijin ma haka. Sau da yawa kuma idan an fizge tutar sai an tsayar da komai, alƙalai su haɗa kai su tattauna ko kamun ya halatta, jama'a na tsaye suna jira. Lokacin da ya kamata ya zama ƙololuwar wasa sai ya koma zaman shari'a.

Ta uku ita ce adalci. A wasan ƙarshe na kofin duniya da aka yi a Frankfurt ta Jamus a 2016, Ostareliya ta doke Amurka, wadda ta lashe gasa biyun da suka gabata, da 150 da 130. Kamu ne ya rufe wasan. A cire maki 30 na kamun, za a ga Amurka ce ke gaba da ci ɗaya a wasan da mutum goma sha biyu suka yi. Ba na rage wa 'yan Ostareliya komai. Da dokar da kowa ya yarda da ita suka ci, kuma riƙe zakarun duniya a tazarar ci ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Dokar nake tuhuma, wadda ta hana mu ganin yadda fafatawar nan za ta ƙare a hannun waɗanda suka fara ta.

Za a ce mini ai kamun nan shi ne gishirin wasan, shi ke sa zuciya ta tsaya a maƙogwaro. Na yarda yana tayar da tsikar jiki. Amma tsarin adadin maki da aka riga aka ɗauka a Amurka yana ba da wannan ba tare da zalunci ba, domin kowane wasa da ci yake ƙarewa, kuma wanda ke baya yana da dama har numfashin ƙarshe. Tsarin an gwada shi a ƙwallon kwando, har a wasan taurarin NBA na 2020. Tunda an samu hanyar rufe wasa, aikin da aka ɗauki mafarauci dominsa ya ƙare. Za a kuma ce ina za a kai mafarautan? Yawancinsu dama mahara ne da ke sauya ƙyallen goshi idan lokaci ya yi, ba wanda zai rasa wurin tsayawa. Za a ce sabon sunan yana nuni da huɗu. To, ƙwallon raga ɗaya da na jifa uku, huɗu ke nan cif, ba tare da tuta ba.

Akwai kuma wasu masu neman gyara da suka sa bakin bindigarsu inda bai dace ba. Su sandar ce ke ba su kunya. Suna ganin muddin ƙatti masu gemu suna sukuwa bisa abin da mu za mu kira dokin kara, duniya ba za ta daina yi musu dariya ba. A nan na rabu da su. Duk wasan kirki an gina shi ne a kan wata wahala da aka ɗora wa kai da gangan. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da hannu biyu lafiyayyu, aka hana shi amfani da su. Ɗan ƙwallon kwando yana iya tafiya da ƙwallo a hannu, aka ce sai yana buga ta da ƙasa. Ɗan langa ƙafarsa biyu, ya kama ɗaya ta baya ya yi ta tsalle da guda, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya saki ƙafar don ya yi kama da mai hankali. Sandar nan ita ke cinye hannu ɗaya, ita ta sa ake cafe ƙwallo da kayar da abokin karawa da dabara ta musamman, ita ce kuma alamar wanda ke cikin wasa da wanda aka fitar. A cire ta, abin da zai rage ƙwallon hannu ce da aka yayyafa wa jifa.

Ga ma'aunin da nake ganin ya kamata a auna kowace doka da aka gada daga littafi: shin nauyinta a kan kowa yake, ko kuwa ɗaukaka mutum ɗaya take yi? Sanda kowa na ɗauke da ita, daga mai tsaron gida har ɗan jifa. Tuta kuwa an ƙirƙire ta ne don wani yaro mai tabo a goshi ya haskaka a shafin littafi, kuma yaron ba ya cikin fili.

Masu tsoron canji su tuna cewa babu babban wasan da ya tsaya inda aka haife shi. James Naismith ya fara ƙwallon kwando a 1891 da kwandunan 'ya'yan itace da dokoki 13. Agogon daƙiƙa 24 bai shigo gasar NBA ba sai a 1954, bayan ƙungiyoyi sun mayar da riƙe ƙwallo sana'a. Ƙwallon ƙafa ta haura shekara ɗari da tsara dokokinta kafin a 1992 a hana gola kama ƙwallon da ɗan ƙungiyarsa ya mayar masa da ƙafa. Ba wanda ke kukan waɗannan gyare-gyare yau. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Lokaci kuma ba ya jiran Kwadbol. Yaran da suka tashi da littattafan nan a hannu sun gama jami'a tuntuni, sun yi aure, gwiwoyinsu sun fara ciwo. Wanda zai shigo wasan nan gaba ba lallai ne ƙaunar labari ta kawo shi ba. Zai tsaya a bakin fili ya duba ko abin da yake gani yana da ma'ana, ko ƙoƙarinsa zai biya idan ya shiga. Kayan aro ba ya rufe katara. An mayar da sunan aro, saura dokar aro. A bar wa mutum shidan nan sandunansu da ƙwallayensu huɗu, a bar su su ƙare wasan da suka fara.