Kelle: Ina gurmin Malam Maman Barka a salular matasa?

A fadojin shayi na Kelle, cikin gundumar Gure, waƙoƙin Kano da Legas ne ke tashi a salula. Ba laifi, kowa da zaɓinsa. Amma da wuya a ji Malam Maman Barka, ɗan Tasker nan maƙwabta, malamin makarantar da gurminsa ya zagaye Nijar. Shi ne ya je Tafkin Chadi ya koyo biram na Buduma mai tsirkiya biyar, lokacin da kiɗan ke dab da ɓacewa. Ya rasu a 2018.

Matasa ba ƙin sa suka yi ba. Tsofaffin waƙoƙinsa a kaset suka fito, rikoda kuwa ta ƙaura daga gidaje. Ya kamata Voix du Sahel ta buɗe taskarta, ta miƙa su ga masu tura waƙa a kasuwanni.