Injin Kwalekwale Ba Ya Turo Sanarwa: Batun Man Giyar Da Ake Mantawa Da Shi

Matashin da ke riƙe da Tecno ko Infinix ya san lokacin da batirinsa ya sauka zuwa kashi 15, domin wayar da kanta take faɗa masa. Injin da ake ɗaura wa kwalekwale ba shi da wannan ɗabi'a. Ƙafarsa, wato ɓangaren da ke nutse cikin ruwa yana juya farfela, tana iya cika da ruwa ba tare da ko fitila ɗaya ta kama ba. Sai ranar da haƙoran giya suka cinye juna a tsakiyar ruwa, da mutane da kaya a ciki.

Wani zai ce ina ruwan Jibiya da jirgi, garin da aka fi sani da manyan motoci da layin kwastan na Magama. Ai akwai dam a kan kogin Gada, wanda ke tsallakawa Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, kuma akwai masunta da ke ci daga gare shi. Duk wanda ya sa wa kwalekwalensa inji a can, ko a Goronyo, ko a Yawuri, matsalarsa ɗaya ce. Ga kuma zaman bakin iyaka: an rufe boda a 2019, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Duk lokacin da hanya ta toshe, neman kayan gyara kan zama wahala. Man da ƙafar ƙaramin inji ke sha kuwa bai kai rabin lita ba.

Aikin ba shi da wuya. A jikin ƙafar akwai noti biyu, ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. A tsayar da injin a miƙe, a tara kwano, a kwance na ƙasa sannan na sama. Abin kallo shi ne launin man. Idan ya fito kamar shayin da aka zuba wa madara, ruwa ya shiga, kuma galibi zaren koma ko na fatsa ne ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Canza mai kawai a nan asarar kuɗi ce, sai an canza robar. Notin ƙasa a injuna da yawa yana da maganaɗisu a bakinsa; ɗan garin ƙarfe mai laushi ba komai ba ne, amma ɓarɓashi mai kaifi alama ce giyar ta fara ci.

Wajen zubawa ne aka fi yin kuskure. Ta ramin ƙasa ake tura sabon mai har sai ya ɓullo ta na sama, a fara ɗaure na sama, sannan a yi maza a ɗaure na ƙasa, da sababbin wosha. Wanda ya zuba ta sama zai bar iska a ciki, ya ɗauka ya cika. Kuma man giya ake nema, irin mai lamba SAE 90 da Yamaha ke rubutawa a littafinta. Baƙin man babur ba zai yi ba, balle wanda aka ɗura a gorar ruwa a gefen titi ba suna ba lamba.

A nan ne ya kamata mai waya a gidan ya karɓi aikin. Ƙa'idar da aka saba ita ce canji bayan kowace awa 100 ta aiki, amma ƙananan injuna ba su da agogon ƙirga awa. Kwalekwalen da ke aiki awa 4 kullum zai cika awa 100 cikin kwana 25, ba shekara ba. Google Calendar zai iya riƙe wannan lissafi kyauta. A riƙa ɗaukar hoton man a farin kwano duk canji, a tura wa bakanike ta WhatsApp kafin a kashe kuɗin mota zuwa Katsina. Lambar samfurin injin tana manne kusa da inda ake ɗaure shi a jikin kwalekwale. Da ita ake nemo littafinsa a intanet.

Bidiyoyin YouTube na Amurka suna nuna famfo na musamman, wanda ba dole ba ne idan man ya zo a robar matsawa mai tsinin baki. Tsohon man kuma kada a juye shi a dam, ruwan da ake sha ake kuma ban-ruwa da shi. A ɗure shi a galan a kai wa masu gareji.