Cinikin biri a sama: kafin mu tura kuɗin kayan lantarki ta intanet



Kwanakin baya, bayan mun gama shiri, wani saurayi ya tare mu a ƙofar gidan rediyo riƙe da leda. Cikin ledar batura 8 ne, irin dogayen nan na lityom da ake kira 18650. Yaron yana son haɗa fitila da ƴar fanka wa mahaifiyarsa mai sayar da ƙosai da dare. Ya tara jika 12 daga ɗaukar rake ranar kasuwa, ya ga talla a wani shafi, ya tura kuɗi, bayan mako 3 kaya suka iso. A jikin kowane batir an rubuta 9900 mAh da manyan baƙaƙe. Ya caje su cif, ya kunna fitilar, ko awa guda ba ta yi ba ta dushe. Ya kira lambar mai kayan sau biyu ana ɗauka, a na uku sai aka toshe shi.

Da ya tambayi wanda ya san harkar kafin ya biya, da an gaya masa babu batir mai wannan girma da ke ɗaukar 9900. Lambar 18650 kanta awo ce, kauri milimita 18, tsawo milimita 65, kuma mafi kyawun da manyan kamfanoni irin su Panasonic, Samsung da LG ke ƙerawa a wannan girma ba ya wuce wajen 3500. Duk wanda ya rubuta fiye da haka da nisa, ƙarya ya rubuta. Na gaskiya yana da nauyin kusan giram 45, jabun kuwa da ka ɗaga za ka ji shi sakayau.

Ba dariya muka kawo wannan labari a yi wa yaron ba. Irinsa suna da yawa a garin nan, da Kance, da Ɗan Barto, har Magarya. Wani na haɗa amfili don sautin biki, wani na ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da kwan fitila da ƴar na'urar auna zafi, wani na gyaran fitilun sola da aka zubar. Yawancinsu ba a makaranta suka koya ba, a bidiyo suka gani cikin salula, suka gwada da hannunsu. Abin alfahari ne. Kuma dole ce ta kai su intanet, don akwai kayan da ko ka zagaye kasuwar Dole ta Damagaram ba lalle ka same su ba.

Ra'ayinmu a taƙaice: kafin mu tambayi nawa ne, mu fara tambayar kanmu, in kayan nan suka zo ba daidai ba, wa za mu kama? Amsar wannan tambaya ita ya kamata ta zaɓa mana wurin saye. Farashi ya biyo baya.

In muka auna masu sayarwa da wannan mudu, za mu ga sun kasu gida huɗu.

Na farko, manyan dillalai da ke karɓar kaya kai tsaye daga masana'anta, irin su Mouser da DigiKey a Amurka, RS da Farnell a Turai. Abin da suka rubuta shi za ka samu, kuma kowane kaya na da takardar bayaninsa. Matsalarsu gare mu kuɗin aike. Taranzisto na dala 40 sai kuɗin jirginsa ya ninka shi sau da yawa, ga katin banki da suke buƙata. Ga mutum ɗaya mai ƙaramin aiki, wannan hanya ta yi tsada.

Na biyu, manyan kasuwannin intanet irin AliExpress, wadda kamfanin Alibaba na Sin ya buɗe a 2010. A nan ne mutane ke kuskure, suna ɗaukar ta shago ɗaya. Kasuwa ce mai dubban rumfuna, kamar yadda Sabon Gari ta Kano take, akwai mai gaskiya akwai ɗan damfara, rumfa na jingine da rumfa. Amfaninta shi ne kuɗinka ba ya shiga hannun mai rumfa nan take, kuma akwai hanyar shigar da ƙara in kaya ba su zo ba ko sun zo da aibi. Sai dai ƙarar tana da wa'adi, kuma tana son hujja. Shi ya sa ranar da ƙunshi ya iso, a kunna bidiyo tun kafin a yage ledar, a gwada kayan a ranar. Kuma a duba shekarar da rumfar ta buɗe, a karanta maganar waɗanda suka ba ta tauraro ɗaya ko biyu, a dubi hotunan da masu saye suka ɗauka da kansu. Hoton mai kaya kullum kyakkyawa ne.

Akwai wani tarko a nan da ya shafe mu. Da yawanmu ba mu da kati, sai mu ba wani ɗan'uwa a Yamai ko Kano ya saya mana da sunansa. To ku sani, in matsala ta taso, shi kaɗai ke iya shigar da ƙara, don asusunsa ne. In ya shagala wa'adi ya wuce, shi ke nan, an sha mu. A yi wannan magana da shi tun farko.

Na uku, shafukan Facebook da rukunan WhatsApp da ba a san mai su ba, ba shago, ba unguwa, ba wanda zai ce ya taɓa ganin fuskarsa. Tura kuɗi, in aiko maka. Wannan shi ne ainihin cinikin biri a sama. Kamfanonin aika kuɗi aikinsu su isar da kuɗi ga lambar da ka ba su, ba su ne za su duba maka ingancin batir ba, kuma in an karɓe kuɗin, dawo da su sai ikon Allah. Ba mu ce duk mai talla a nan ɓarawo ne ba, amma wanda bai yarda a biya bayan an ga kaya ba, ko a biya rabi, ko ya nuna wani ɗan garin nan da ya taɓa ciniki da shi, mu bar masa kayansa.

Na huɗu, wanda muke ganin an fi rainawa alhali ya fi dacewa da mu: ɗan kasuwa mai shago sananne a Damagaram, Maraɗi ko Kano, wanda ake ciniki da shi ta waya. Ka tura masa lambar kayan, ya ɗauko hoto, ya ɗora mita a kai kana kallo, ya ba direban da ka sani. Shi ma galibi daga Sin kayansa ke zuwa, kuma zai ɗora ribarsa. Amma wannan riba kuɗin wani abu ce: yana da rumfa, yana da maƙwabta, yana da shugaban layi, kuma yana son ka dawo gobe. In ya cuce ka, akwai wurin zuwa a yi magana.

Kada wani ya ɗauka jabun kaya matsalar talaka ce kawai. A 2012 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahoto cewa wajen sau 1800 an gano kayan lantarki da ake zargin jabu ne cikin kayan sojan ƙasar, adadinsu ya haura miliyan guda. In har za a iya shigar wa sojan Amurka da jabu, ina ga yaron Matamaye mai jika 12? Yadda ake yi kuwa sananne ne: a ciro tsoffin kaya daga bola, a goge rubutun jikinsu, a buga sabuwar lamba. Ko a sa ƙaramin abu cikin babbar riga.

Wannan ba ya nufin komai sai mai tsada. Kaya iri biyu ne. Akwai waɗanda in sun lalace asarar kaɗan ce: rezistans, ƙananan fitilun LED, maɓallai, allon gwaji. Waɗannan a saye su da araha, a saye da yawa. Har allon Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005, masu shi sun saki zanensa kowa ya ƙera, don haka kwafinsa mai sauƙin kuɗi yakan yi aiki lafiya lau ga mai koyo.

Akwai kuma waɗanda wuta mai ƙarfi ke bi ta cikinsu, kuma a nan ne araha ba ta ado. Batirin lityom mara kyau yana kumbura, yana iya kama wuta, kuma mun san zafin watan Afirilu a ɗakin kwano. Taranziston inbata irin IRF3205 in jabu ne, zai yi aiki da kwan fitila ɗaya, ranar da ka ɗora masa kaya sai ya fashe, wani lokaci ya tafi da sauran allon. Regilatan sola da aka rubuta wa MPPT alhali ba shi ba ne ya cika kasuwa. Na gaskiya yana da babban naɗin waya a ciki, yana da nauyi, yana juya rarar ƙarfin da fanon sola ke bayarwa ta koma caji. In ka ga mai wannan suna mara nauyi a farashin na talaka, to na talakan ne aka sauya wa suna. Haka waya: akwai wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari. Irinta na ɗaukar zafi. Waɗannan kaya, a saye su inda za a iya mayarwa.

Sannan mu riƙa lissafin kuɗi gaba ɗaya. Farashin da ke kan allo somin-taɓi ne. Akwai kuɗin aike, akwai na canji tunda da dala ko yuro ake biya, akwai abin da duwan za ta iya nema, akwai kuɗin mota daga Yamai zuwa nan. Ga batun adireshi: gidajenmu ba lamba, sai akwatin gidan waya ko sunan wani mai shago. Ga lokaci. Mun ga abin da ya faru bayan 26 ga Yulin 2023, lokacin da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da take ba mu, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Kafin nan ma an rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A irin wannan lokaci ne kowa ya koma neman sola da batir, kuma a lokacin ne hanya ta fi wuya. Mai dogaro da hanya ɗaya tak, ranar da ta toshe aikinsa ya tsaya.

Mun san abin da wasu za su ce: Malam, kai kana magana ne, wanda ke da jika 5 a aljihu ina ya ga ta zaɓi? Maganar gaskiya ce, ba mu raina ta ba. Amma wanda ke da jika 5 shi ne wanda bai da halin saye sau biyu. Kuma akwai mafita da iyayenmu mata suka daɗe da sani, wato adashi. Matasa 10 su haɗa kai, kowa ya rubuta abin da yake so, a yi oda ɗaya, a raba kuɗin aike. Da haka har manyan dillalan nan na farko sai su zo kusa. Daga kuɗin farko a sayi mita mai kyau guda da ƙaramin sikeli, su zama na kowa. Kafin a sayi guda 50 daga sabon mai kaya, a sayi 5 a gwada. A ajiye littafi: wane ya aiko daidai, wane ya yi jinkiri, wane ya cuce mu. Cikin shekara guda wannan littafi zai fi duk wata talla amfani.

Kada kuma mu raina bola. Tsohuwar rediyo, mataccen talabijin, batirin kwamfutar da aka yar, cike suke da kaya na asali da kamfani ya zaɓa da kansa, sai dai a yi hattara wajen buɗe batir da manyan kwandansata, a nemi babba ya tsaya a kai. William Kamkwamba na Malawi yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska mai ba da wuta da tarkacen keke da kayan juji, bai yi odar komai ba.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna da namu ƙarin cikas, don yawancin bayanan kayan nan da Ingilishi suke. Kada wannan ya tsorata kowa. Lambar kaya ba ta da yare. NE555 a Shenzhen, NE555 ne a Paris, shi ne a Matamaye. Ka rubuta lambar ka nemi takardar bayaninta, ka dubi bolt nawa take ɗauka, amfiya nawa, ƙafafunta nawa. In abin da mai talla ya faɗa ya saɓa wa takardar, takardar ce mai gaskiya.

Ga masu gyaran rediyo da salula na garin nan, manyanmu a wannan sana'a, muna roƙo: in yaro ya zo da tambaya a amsa masa, a nuna masa yadda ake gane jabu. Ba kishiya yake zama ba, magaji ne. Ga iyaye kuma, in yaro ya yi asara irin wannan, kada a ce masa dama wasan banza yake yi. Asarar jika 12 ana mayar da ita, amma in zuciyarsa ta mutu ya ajiye ƙarfen dalma, garin ne ya yi asara.

Shi wancan saurayi mun haɗa shi da wani mai gyara. Sun fasa tsohon batirin kwamfuta, sun auna, sun sami guda 4 masu rai. Da su fitilar mahaifiyarsa ke kaiwa har ta tashi daga suyar ƙosai. Jabun 8 ɗin kuma ya ce ba zai zubar ba, zai riƙa nuna wa abokansa kafin su tura kuɗi.

Allah ya sa wa neman kowa albarka, ya raba mu da asara. Sai mun haɗu a shiri na gaba.