Raba Daidai a Takarda, Wariya a Ofis

Jama'a, wai shin wa muke yaudara ne? Tun kundin tsarin mulkin 1979 aka shigo da tsarin raba daidai, a 1996 aka kafa masa hukuma sukutum, kundin 1999 ma ya sake jaddada shi. To, an tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Tibi a ofis guda. Sai me?

Doka tana ba mutum kujera, amma ba ta tilasta a saurare shi. Ana kiran ɗan Arewa "ɗan kota" a bayan idonsa, ko da ya fi kowa iya aikin, har ya koyi kame bakinsa a mitin. Kuskuren da ya hango a fayil sai ya ƙyale shi ya wuce, don ya san in ya yi magana Turancinsa za a yi wa dariya.

Mu ma kada mu wanke kanmu. A Kano ko Sakkwato, da zarar magana ta yi nauyi sai mu juya harshe zuwa Hausa, ɗan bautar ƙasa daga Inugu yana zaune kamar gunki. Gowon bai kafa shirin a 1973 don mu riƙa aikensu sayen katin waya ba.

A asibiti abin ya fi muni. Nas ta miƙa aiki da yaren da mai karɓa ba ta ji sosai, ita kuma tsoron raini ya hana ta tambaya, ga maras lafiya can kwance yana jiran allurar ƙarfe biyu.