Sabar da za a kai Tsamiya tana buƙatar ƙofa biyu

Duk wanda zai sayi sabar don ofis a Bagudo, ko a iyakar Tsamiya mai fuskantar Segbana ta Jamhuriyar Benin, ya yi wa dillali tambaya ɗaya kafin a zo maganar girman ma'ajiya: hanyoyin sadarwa nawa BMC ɗinta ke ɗauka, kuma za a iya saita kowacce daban?

BMC wata 'yar kwamfuta ce da ke manne a allon sabar, tana da tata manhajar. Ko sabar ta sandare ko an kashe ta, muddin akwai wuta a jikinta, BMC na farke. Ta nan injiniya zai kunna ta, ya duba zafinta, har ya sake ɗora mata manhaja yana zaune a Birnin Kebbi. Dell na kiran tasa iDRAC, HP kuma iLO. Ƙa'idar IPMI, wadda ta fito a 1998, ta ba kowace hanyar shiga lamba, kowacce da adireshinta da iyakar izinin masu shigarta.

Amma wasu manhajojin an rubuta su ne da zaton kebul ɗaya ya isa. A cibiyar bayanai ta Legas wannan ba abin damuwa ba ne, ma'aikaci zai taka ya je ya gyara. A bakin iyaka, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, har waya kan kama layin Benin, yankewar hanya ɗaya na nufin injiniya ya kama hanyar mota, aiki kuwa ya tsaya sai ya iso.

Shi ya sa nake ganin hanya biyu dole ce: ɗaya ta keɓaɓɓen ramin kebul na BMC, ɗaya ta ramin da take rabawa da sabar. Sai dai a kula, idan duka biyun suka ƙare a rawuta ɗaya da layin kamfani ɗaya, an yi aikin banza.

Masu cewa ƙarin ƙofa ƙarin hanyar ɓarawo ce suna da gaskiya. Wanda ya mallaki BMC ya mallaki sabar baki ɗaya. Amma maganin haka yana cikin saitin nan da ake nema: a rage izinin hanya ta biyu, a ɓoye ta bayan VPN, a canja kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani tun kafin a ɗora kwalin a mota.